Sunan da Baba Saje Bai Kira Ba

Ina tsaye a gaban 'yan aji huɗu ina kiran suna, ranar wata Litinin da hantsi, sai inuwar mutum ta tare tagar ajin. Na ɗaga kai na ga Baba Filibus, tsohon abokin aikin surukina, riƙe da hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kan dattijon nan ba hula ba sai ranar. Yara suna ta amsa mini, bakina kuma ya ci gaba da kiran sunaye ban san wanda nake kira ba.

"Malama, ka fito," in ji shi, da Hausarsa ta mutanen Numan wadda ba ta raba mace da namiji. "Saje yana zaune a kujeransa tun safe. Na biyo in gaishe shi, na kira, na kira, bai amsa ba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Haka labarin rasuwar Baba Saje ya same ni, da alli a hannuna. An yi masa sallah bayan azahar a ƙofar gidansa da ke unguwar Jambutu a Jimeta, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in sake sharewa, in leƙa ƙofa alhali ba kowa nake jira ba. 'Yata Dada ta dube ni ta ce, "Mama, kin gaji ciwon Kaka." Wataƙila ta yi gaskiya. Shi ya sa na tilasta wa kaina zama in rubuta abin da na sani game da shi, domin mutanen da suka cika layinmu ranar jana'iza sun san tsohon soja ne mai gaisuwa a tsaye, amma kaɗan ne suka san abin da ya hana shi zama.

Ni matar ɗansa ce na fari, kuma shekarun da na yi a gidansa sun fi waɗanda na yi da ɗan nasa yawa nesa ba kusa ba. Ba zan rubuta sunansa ba tukuna, haka ma na mijina, don bakina bai saba da su ba. A unguwa Baba Saje ake ce masa. Mijina kuwa, wanda shi ma soja ne, Kofur ake ce masa.

Baba Saje Bafulatani ne na cikin Yola, dogo, siriri, mai tsadar magana. Ni kuwa 'yar Barebari ce, a unguwar Alkalawa aka haife ni, mahaifina yana sayar da yadi a kasuwar Jimeta. Da a kasuwa muka haɗu da na tsokane shi son raina, don tsakanin Babarbare da Bafulatani wasa ba ya ƙarewa, amma aure ya ɗaure mini baki. In zan gaishe shi sai in durƙusa daga nesa in kau da kai, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Idan miya ta yi yaji ba zai ce mini uffan ba, sai ya ɗaga murya ya faɗa wa bishiyar darbejiyar ƙofar ɗakinsa, "Barebari dai ba su san barkono abin tsoro ba ne." Ni kuma in faɗa wa tukunya, "Fulani dai in ba nono ba, komai wuta ne a bakinsu." Haka muka yi ta hira shekara da shekaru ba mu taɓa haɗa ido ba.

Ya shiga soja yana saurayi, ba da son mahaifinsa ba. An kai shi Laberiya, an kai shi Saliyo, ya dawo da kunne ɗaya a toshe da guntun ƙarfe a kwankwaso, wanda likitoci suka ce barinsa ya fi cire shi alheri. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Wanda ya matsa masa da tambaya sai ya ce, "Ruwan sama ne da sauro. Sauran ba na zaman shayi ba ne." Ba ya son a yabe shi, kuma ba ya son a ce masa jarumi. Wani matashi ya taɓa ce masa haka a gidan biki, ya amsa masa da cewa jaruman suna can ƙarƙashin ƙasar mutane, shi wanda ya dawo ne kawai.

Kowace Asabar bayan la'asar Baba Filibus yakan zo daga unguwar Demsawo. Tare suka shiga soja, tare aka sallame su. Juma'a ta Saje ce, Lahadi ta Filibus, sai suka ɗauki Asabar don kada wani ya ce an bi na wani. Su tsaya a gindin darbejiya su biyu rak, ƙafa a haɗe, ƙirji a waje, ko da yake ƙirjin ya riga ya fara komawa ciki. Sai Baba Saje ya shiga kiran sunayen mutanen da ya tafi da su bai dawo da su ba. Da ka yake kiransu, kullum a jeri ɗaya.

"Las Kofur Modu na Bama."

Baba Filibus ya amsa, "An karɓe shi."

"Farabiti Okon, mai busa."

"An karɓe shi."

Haka za su yi ta tafiya, Musulmi da Kirista a jere bisa yadda suka faɗi, har su kai kan na ƙarshe, Sule Direba. Kowa ya yi addu'a irin tasa, sannan su zauna su sha shayi suna gardamar wanda ya fi tsoron maciji a dajin Laberiya. Su suna kiran abin nan faretin Asabar.

Ina amarya na ɗauka wasan tsofaffi ne. Kofur ne ya yi mini bayani. Ya ce a soja idan aka sa ka gadi ba ka da ikon barin wurin, ko rana ta dafa ka, ko ruwa ya yi maka dukan tsiya, sai wani ya zo ya karɓe ka. Aikin saje ne ya tuna wanda ya ajiye da inda ya ajiye shi, ya kai masa mai karɓa a kan lokaci. Waɗanda suka mutu kuwa, a wurin Baba, an karɓe su ke nan, sun sauka sun huta. Akwai maganar da Baba yake yawan yi, har yaran layi sun haddace ta: "Mai gadi ba ya laifi in ya daɗe a tsaye. Sajen da ya manta da shi ne mai laifi."

A ranar ce kuma Kofur ya yi mini wata magana da ta zame mini ƙaya. Ya ce, "Kin san ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba?" Ɗan fari ne, kunyar Fulani kuwa ba ta barin uba ya kama sunan ɗan fari. Tun da ya raɗa masa shi a kunne yana jariri bai sake faɗa ba. Yana yaro "kai wancan" ne, da ya shiga soja ya zama Farabiti, da aka ƙara masa igiya ya zama Kofur. Ya ce, "Ni ƙarin girma ne ya ba ni suna a gidanmu. In ina son in ji Baba ya kira ni, sai dai in shiga faretin Asabar." Na jefe shi da ludayi na ce ya tofar da yawu. Ya yi ta dariya har ya ƙware.

Sai ga shekarar da garuruwan arewacin jihar nan suka yi ta faɗawa hannun 'yan tada ƙayar baya, Madagali, Michika, har Mubi. Jimeta ta cika ta batse da mutanen da suka keto daji a ƙafa. Kofur yana can tare da rundunarsu, Dada tana goye a bayana. A wayarsa ta ƙarshe tambayata ya yi ko haƙorinta ya fito. Daga nan shiru. Bayan kwanaki aka sanar da mu daga bariki cewa an kai wa sansaninsu hari, mutane sun tarwatse, wasu sun ɓulla ta Kamaru, wasu an samu gawarwakinsu. Shi ba a gan shi cikin masu rai ba, ba a gan shi cikin matattu ba.

Da labari ya bazu, maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kamar yadda aka saba. Baba Saje ya fito ya naɗe su da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, yana miƙa wa kowa tasa yana godiya. Liman ya matso zai ba shi haƙuri, sai Baba ya ce masa, "Modibbo, wa ya mutu? Kofur yana kan gadi." Ya nuna Baba Filibus da yatsa, kowa kuwa ya san labarin. Daga Laberiya an taɓa aiko wa iyalin Filibus cewa ya mutu. An yi masa addu'a a coci, matarsa ta sa baƙaƙen kaya. Saje kaɗai ya ƙi yarda, ya ce shi ya ajiye Filibus a bakin wata gada, kuma bai ga gawarsa ba. Bayan watanni Filibus ya fito daga daji ƙashi da fata. Har gobe yana cewa, "Na dawo na samu sun cinye akuyana a makokina, ko ƙafa ba su ajiye mini ba." To, wa zai ja da mutumin da ya taɓa ƙin yarda da mutuwa, mutuwar kuma ta ba shi gaskiya?

A waɗannan watanni na ga irin sojan da yake. Ya buɗe gidan ga masu gudun hijira har ba wurin taka ƙafa. Ɗakinsa ya bar wa wata tsohuwa daga Michika da jikokinta, shi ya koma zaure. Ya tsara layin ruwa, ya tsara na banɗaki, ya raba wa mata ranakun girki, ba wanda ya isa ya tsallake layi ko da kawunsa ne. Da bama-bamai suka fara tashi a cikin gari, shi da Filibus suka raba aiki ba tare da wani ya sa su ba. Ranar Juma'a Filibus ya tsaya a ƙofar masallacinmu yana laluben masu shiga, ranar Lahadi Saje ya taka har Demsawo ya tsaya a ƙofar cocin su Filibus. Wata mata ta taɓa tambayarsa me Musulmi yake yi a nan, ya ce, "Na zo karɓar abokina ne, yana ciki yana sallarsa."

A lokacin ne kuma ya daina zama. A tsaye yake shan kunu, a tsaye yake sauraron rediyo, in an ba shi kujera sai ya dafa ta ya yi godiya. In ba sallah ba, ba ka ganin gwiwarsa a lanƙwashe. Ya ce ƙarfen kwankwasonsa ne ya motsa. Da safe yana tashar Jambutu yana duban fuskokin masu saukowa daga motocin Mubi da Maiduguri. Daga nan asibiti, daga nan sansanin 'yan gudun hijira. Duk ranar da aka ce an kuɓutar da mutane daga daji, to ba za a ga Baba ba sai magariba. Abin da yake ba ni dariya da kuka lokaci guda shi ne yadda yake cigiyar. Sai ya tare mutum ya ce, "Ko kun ga wani kofur dogo, mai tabo a haɓa?" A ce masa, "Baba, sunansa fa?" Sai ya sunkuyar da kai ya zunguri Filibus. Dole Filibus ya riƙa binsa ko'ina don kawai ya faɗi sunan. Mutum yana neman ɗansa kamar ransa zai fita, amma kunya ba ta bar shi ya ambace shi ba.

Shekara ta bi shekara. Baƙinmu suka koma garuruwansu, kasuwa ta ci gaba da ci, aka daina laluben mutane a ƙofar masallaci. Ni kuwa ban san abin da zan kira kaina ba. Matan aure suna yi mini kallon bazawara, zawarawa suna yi mini kallon matar aure. In na ɗaga hannu zan yi wa Kofur addu'a sai in rasa wadda zan yi: in ce Allah Ya jiƙansa, in ji kamar na kashe shi da bakina, in ce Allah Ya dawo da shi, in ji zuciyata ta ƙi cewa amin. Dada ta dawo daga makaranta wata rana ta ce an ce marayu su ɗaga hannu, ita ta ɗaga rabi. Mahaifina ya ce in dawo Alkalawa. Amininsa Goni, malamin da ya karantar da ni allo, ya zaunar da ni ya ce shari'a ba ta bar matar wanda ya ɓace a rataye ba, akwai ƙofa a wurin alƙali. Na gode masa, na ce ba yanzu ba. Ba aure nake nema ba, ba kuma hukunci ba. Na daɗe da sani a raina cewa mijina ba ya duniya. Abin da nake so shi ne a sauke shi a gidan ubansa, da bakin ubansa.

Kowace Asabar sai in tsaya a bayan ƙofar kicin ina saurare. Modu, Okon, su wane da wane, har Sule Direba. Sai shiru. Sai ƙarar cokali a kofin shayi, wanda yanzu a tsaye Baba yake sha. Na tsani ƙarar cokalin nan. Na ji haushin Baba Saje, haushi mai tsanani, kuma ba zan ɓoye ba don yau yana kabari. Yana tuna Okon wanda ba mu san garinsu ba, yana sauke shi duk mako, ɗan cikinsa kuwa ya bar shi a tsaye a daji. Amma ko a cikin haushin na san ba ƙeta ba ce. In na ga yadda yake dawowa daga tasha, takalmi ya yi fari, idanu sun faɗa, sai in zuba masa ruwan wanka in koma ɗaki in ci gaba da jin haushina.

Bara da bazara, lokacin da zafin Yola yake hana ko ƙadangare fitowa, ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Filibus da wani mai keke napep suka kawo shi, aka kwantar da shi a zaure. Ko da na kawo ruwa har ya miƙe ya dafa bango. A da sai in ajiye kwanon in ja da baya. Ranar ban ajiye ba.

Na ce, "Baba, ina da magana."

Ya juya fuska ya ce, "Katanga tana ji."

"Ba da katanga nake ba. Da Saje nake."

Filibus ya nemi hanyar fita, na ce ya tsaya. Na ce, "Baba, kai ka koya wa unguwar nan cewa mai gadi ba ya laifi in ya daɗe a tsaye. Tun Dada tana goye Kofur yake tsaye, yau ga ta ta kai kafaɗata. Rana ta dafa shi, ruwa ya dake shi. Wane saje ne ya ajiye shi ya manta?"

Ya ce, "Ban manta ba, Malama."

"To a kai masa mai karɓa."

"In na kira shi, ya dawo fa? In ce masa me?"

Filibus ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Saje, ni damina ɗaya na yi a daji. Yaron nan damina nawa ke nan? Ka sauke shi, ya gaji."

Sai na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wato maganar da Kofur ya yi ranar da na jefe shi da ludayi. Na ce ɗansa ya ce bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, kuma sai dai in ya shiga faretin Asabar. Hannunsa ya zame daga bango, ya sake dafawa.

"Shi ya faɗa miki haka?"

"Yana dariya ya faɗa."

Ya karɓi ruwan ya sha ya miƙo kwanon. Asabar ta zo, ya tsaya a kan Sule Direba, cokali ya yi ƙararsa. Wadda ta biyo ta ma haka. Ya daina yi wa darbejiya ƙorafin yaji, ni ma na daina yi wa tukunya magana, gidan ya yi tsit kamar ba mutane. Na fara haɗa kayana a zuciyata.

Sai wata Asabar bayan saukar ruwan fari, ƙasa tana ƙamshi, ya aiko Dada. Ta ce, "Mama, wai Kaka ya ce a faɗa wa Malama fareti ya rage mutum ɗaya." Na yafa gyale na fito. Ya sa tsohuwar hularsa ta soja wadda ta koɗe, Filibus yana gefensa. Ya nuna mini inda zan tsaya ba tare da ya dube ni ba. Ya fara kira, Filibus yana amsawa, har aka zo kan Sule Direba. Aka amsa. Na jira cokali.

Ya ja numfashi ya ce, "Kofur Sa'adu."

Muryar ta karye a tsakiya. Ya gyara tsayuwa ya sake kira, wannan karon ba Kofur, a hankali, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci. "Sa'adu."

Hawaye yana bin gemun Filibus, ya buɗe baki ba abin da ya fito. Baba Saje kuma yana nan a ƙame yana jira, domin a ƙa'idarsu kira ba ya ƙarewa sai an amsa. Sai na ji muryata ta fita.

"An karɓe shi."

Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Ya ce, "Useko, Malama," wato ya gode. Sannan ya jawo kujerar da ta shekara da shekaru a jingine da bango, ya kakkaɓe ta da hularsa, ya zauna. Ashe ba ƙarfen kwankwaso ne ya hana shi zama ba.

Washegari shi da kansa ya bi maƙwabta gida-gida yana aron tabarmin da ya taɓa naɗe musu. Goni ya kai maganar gaban alƙali don komai ya tafi bisa ƙa'ida, aka yi wa mijina sallah a masallacinmu, na shiga takaba. Baba ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwar da ya ƙi karɓa tun farko, kuma duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Sa'adu ne, ɗana na fari." Dattawan Fulani suna sunkuyar da kai don kunya, shi ko a jikinsa. Kamar yana rama na shekarun da suka wuce. Da yamma ya zaunar da Dada ya ba ta labarin ubanta, yadda ya samu tabon haɓarsa a kan bishiyar mangwaro, yadda yake tsoron allura. Bai sake zuwa tasha ba. Na fita takaba, na koma makaranta, ba a daɗe ba sai ga Baba Filibus a tagar ajina.

Ina roƙon mai karanta wannan ya riƙa duban tsofaffin sojojin garin nan da kyau. Suna nan a layin asibiti, a bakin shaguna, a ƙofar gidajen da suke gadi, wani da kunne a toshe, wani da ƙafa ɗaya, ba sa cewa komai. Mun yi barci a Jimeta a shekarun da barci ya gagari garuruwa da yawa, kuma wasu ne suka tsaya muka kwanta. Akwai kuma mata irina da yawa a Jambutu da Demsawo da bayan bariki, waɗanda har yau ba wanda ya ce musu an karɓi nasu. In kun san ɗaya, ku je ku gaishe ta, ku ambaci sunan mijinta a gabanta.

Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'iza, la'asar tana yi sai ga Baba Filibus da hularsa a kai. Ya tsaya a gindin darbejiya, a gefen da ya saba tsayawa, ya bar wurin Saje fili. Na ɗauka addu'a kawai zai yi ya tafi. Sai ya ce, "Malama, ni amsa na iya, ban taɓa kira ba. Kai ne ka yi shekaru a bayan ƙofan kicin, ka ɗauka ba mu gani. Zo ka tsaya nan."

Na tsaya a inda Baba yake tsayawa, Dada tana kusa da ni. Na yi zaton zan manta, ashe sunayen duk suna bakina, a jerinsu. Modu na Bama, Okon mai busa, har Sule Direba. Na kira Sa'adu, wanda ko a ɗakinmu ban taɓa kiransa da sunansa ba, Filibus ya amsa. Sai ya zuba mini ido yana jira, don ya san saura ɗaya. Surukar Fulani ba ta kama sunan surukinta, ko a bayan idonsa. Amma shi ne ya nuna mini cewa ba a barin mutum a tsaye saboda kunya.

Na ce, "Saje Umaru."

Baba Filibus ya haɗa ƙafa, ya ɗaga hannu ya sara, ya ce da ƙarfin da ban san yana da shi ba, "An karɓe shi."

Ya Allah, ga bawanKa Umaru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci bayan doguwar tsayuwa. Ka haɗa shi da ɗansa Sa'adu a inda zai kira shi da sunansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ka jiƙan waɗanda suka faɗi a dazuzzukan ƙasar nan da na ƙasashen mutane, waɗanda aka binne da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ka ba Baba Filibus lafiya da haƙurin rashin abokinsa, Ka raya Dada Ka shirya ta, Ka ba 'yan'uwa da dangi juriya, ni kuma Ka saukar mini da natsuwa in iya zama. Bai manta da kowa a kan gadi ba, ya Ubangiji. Ka karɓe shi.